Wankan Malam Kabo

"Maimaita mini, Ummu, ban ji abin da ta ce a kan kunun ba."

Ummulkhairi ta sake danna jawwal ɗin, wato wayar hannu, ta kara shi kusa da kunnen tsohuwar. Awwalu, mijin Ummulkhairi, yana tsaye a bakin ƙofa da ledar magani a hannu. Muryar Baturiyar ta cika ɗan ɗakin, da Hausarta ta kasuwa mai jan ƙarshen kowace kalma.

"Ɗaso, ina wuni. Yau mun tashi ba wuta, firjin allurai ya tsaya, na kwashe su a kula na tura direba garin gaba. Na auna jarirai har azahar, ɗaya ya yi mini fitsari a riga. Mijinki ya sha kunu rabin kofi. Ya ce ba tsamiya, na ce Malam, ni ba Ɗaso ba ce. Na juya masa tabarma wajen zanen allin da muka yi a bango, ya yi salla a zaune. Amma ƙafafunsa sun kumbura, ba zan ɓoye miki ba."

Duk layin nan na unguwar Nakkasa a Makka sun san wannan murya. Sista Marit ce, ma'aikaciyar jinya da wani coci na ƙasarsu ya turo ƙaramin asibitin mishan a yammacin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. Shekarar da rikici ya ɓarke, Musulmin garin suka fake a harabar cocin, har manyan motoci suka zo suka kwashe su zuwa Chadi. Malam Kabo, mijin Ɗaso, makaho ne, ga karaya a cinya, ba a iya ɗora shi ba. Shi ya rantse mata sai ta tafi. Ta bi ta Chadi, ta bi ta Sudan, ta tsallako da niyyar umara, ta zauna ba iƙama, wato takardar izinin zama, tana sayar da tsabar tattabaru a Misfala. Shi kuwa yana can a wani ɗaki bayan wurin ajiyar magani, shi kaɗai ne Musulmin da ya rage a garin.

Ɗaso ta ɗaga yatsa. "Awwalu, matso. Kai ne mai littattafai."

Ya durƙusa gefen katifar. "Ga ni, Inna."

"Ni tawa ta ƙare, kuma ba na jin komai. Nan ko kaɗe ni aka yi a titi, za a wanke ni, a sallace ni a Harami. Shi fa? Wa zai wanke shi?" Ta huta. "Mahauci ne, bai taɓa wanke gawa ba, kunya kuma ba za ta bar shi ya roƙe ta ba. Ka koya mata. Ka faɗa mata a jawwal, daki-daki."

Awwalu ba malami ba ne. Tura keken marasa ƙarfi yake yi a wajen Harami, karatunsa kuwa shi ya koya wa kansa daga tsofaffin littattafan da yake tsinta a rumfunan Aziziyya. Wannan ya sa yake tsoron fatawa fiye da waɗanda suka yi makaranta.

"Inna, mace ce. Kuma ba Musulma ba ce."

"Shekara goma sha ɗaya tana kwashe masa fo, ba ka ce mace ba ce."

"Wannan jinya ne. Wanka ibada ne, yana son niyya. Bari in duba."

"Duba," in ji ta, ta juya fuska bango. "Amma kada ka daɗe, ɗan nan."

Ya daɗe. Ranar farko ya tambayi limamin masallacin layinsu, ya ce masa ba ya halatta, shi ke nan, ya shige mota. Rana ta biyu bai fita aiki ba. Ya zube littattafai a tabarma yana bin babin jana'iza da yatsa, shayinsa ya huce har sau biyu. Abin da ke cin sa ba hukuncin kaɗai ba ne. Idan ya koya mata, kuma kuskure ne, ya sa an taɓa gawar Musulmi ba bisa ƙa'ida ba, da bakinsa. Idan ya ƙi, za a saka tsohon a akwati da kayan jikinsa, a yi masa waƙa, don iyakar alherin da suka sani ke nan. Ya rasa wanne za a tambaye shi a kai.

Ummulkhairi ta leƙo da tire a hannu. "Malam mufti, matar nan ko ruwa ba ta iya haɗiyewa yau."

"Ina dubawa."

"Ka yi ta dubawa. Baturiya tana can tana juya wa miji tabarma gabas, kai kana nan gindin Ka'aba kana juya takarda."

Ya mayar da idonsa kan littafin, don ya san ba ta yi ƙarya ba.

Sai rana ta uku bayan la'asar ya same shi, a gefen shafin wani littafi da bangonsa ya cire. Wasu malamai sun ce idan namiji ya mutu babu Musulmi namiji a kusa, ana iya koya wa namijin da ba Musulmi ba ya wanke shi. Wasu sun ƙi. Amma an faɗa, an kuma rubuta. Ya tuna direban asibitin da Marit take ambata kullum. Ya fita ko takalmi bai saka daidai ba, ya haura matakalar da ke tsakanin gidajen biyu.

Ɗakin ya cika da matan layi, ana karanta Yasin a hankali. Ɗaso tana kwance a gefen dama, idanunta rabi a buɗe, numfashinta yana fita da ƙara.

"Tun azahar ba ta yi magana ba," in ji Ummulkhairi.

Ya karɓi jawwal ɗin, ya durƙusa daf da kanta, ya danna, ya ɗaga murya yadda ko mai barci zai ji.

"Sista, sunana Awwalu, maƙwabcin Hajiya Ɗaso ne a Makka. Ta ce in koya muku wankan Malam Kabo idan ranarsa ta zo. Ba ke za ki yi ba, direbanku zai yi, ke ki tsaya bayan labule kina faɗa masa. A rufe shi daga cibiya zuwa gwiwa. Direban ya naɗe hannunsa da tsumma. Ya yi masa alwala kamar yadda kuke ganin yana yi. Sannan a wanke gefen dama, a wanke na hagu, sau uku. In da ganyen magarya a daka a zuba a ruwan. Farin ƙyalle uku, ba ɗinki. A kwantar da shi a kabari ta gefen dama, fuskarsa wajen da yake kallo in zai yi salla. Sallar kuwa ku bar mana, ki sanar da ni, mu za mu yi masa daga nan."

Ya saki maɓallin. Ya sunkuya. "Inna, na faɗa mata. Kin ji?"

Leɓenta ya motsa, ko kuwa numfashi ne ya motsa shi. Kafin a kira magariba ta cika.

An sallace ta a Harami washegari bayan azahar, cikin jerin gawawwaki bakwai, aka kai ta maƙabartar Shara'i. Awwalu ya shiga kabarin da kansa. A mota suna dawowa ya tambayi matarsa a hankali ko tana ganin tsohuwar ta ji.

"Ta ji mana."

"Kin tabbata?"

Ta dube shi, ta ga yadda fuskarsa take. "Allah ya sani, Abu Hisham," ta ce, ta kira shi da alkunyarsa, ta kama bakin mayafinta.

Shi ya tura wa Marit labarin rasuwar, da kalmomi kaɗan. Kwana biyu ba amsa. Ran na uku da hantsi yana zaune a dakalin ƙofar gida jawwal ɗin ya yi ƙara. Muryarta ta dushe.

"Malam Awwalu, na gode. Na faɗa masa. Bai yi kuka ba, ya tambaya ko ta samu Harami, na ce ta samu, ya ce to. Bai ci komai ba ranar. Saƙonka mun saurara sau huɗu, ni da direba, na rubuta a bayan katin awo. Akwai magarya bayan ɗakin haihuwa. Yau na ɗauko sababbin zannuwan gado daga sito, don likkafanin. Malam ya ji muna magana, ya ce a kawo nan gabansa a yi. Ka saurara, ka gaya mini in mun yi kuskure."

Aka ji motsin kujera. Daga nesa wata tsohuwar murya, siririya, ta ce, "A'a, yaro, ajiye almakashin. Da hannu ake yi. Kawo bakin in kama maka."

Awwalu ya matse jawwal ɗin a kunnensa. Ya ji ƙyallen ya yage, a hankali, tun daga wannan baki har wancan.