Ranar da Auta Ya Sake Faɗuwa

Kantin maganin Yaya Babba yana kallon ƙofar tashar mota, titi ne kawai ya raba su. Duk layin da wannan suna ake kiranta, har waɗanda suka haife ta, domin da shi ƙanenta Auta yake kiranta tun tana goya shi. Bara, ranar da 'yan bindiga suka shigo tashar suka buɗe wa matafiya wuta, ita ce ta aiki Auta ya tsallaka ya sayo musu ruwan sanyi. Harsashi ya same shi a cinya, ya faɗi a gindin turken fitila. Tana ƙarƙashin teburin kanti tana jin muryarsa, ta kasa fita wurinsa har aka daina harbi. Ya rayu, sai dai da ɗingishi. Ita kuma tun daga nan ko murfin tukunya ya faɗi sai ta dafe ƙirji.

A watan da ya shige ta tafi wani gari jinyar 'yarta, ta bar masa kantin. Da mai jiki ta samu sauƙi ta kamo hanya ba ta gaya wa kowa ba. Motar ta sauke ta a bayan layi, ta biyo lungu ta shiga ta ƙofar baya. Kantin a rufe, ga hantsi ya dubi ludayi.

"Wannan yaro," ta ce, "idan babu mage, ai shi ke nan."

Ta ɗaga ƙofar ƙarfen gaba zuwa rabi. Tasha cike da matafiya kamar kullum, amma ba ta ga fuska ɗaya da ta sani ba, kuma maƙwabtanta, tela da mai gyaran waya, duk ba su buɗe ba. Tana cikin wannan tunani wani dattijo, tsohon direba da ke zuwa awon hawan jini, ya yi sallama ta ƙofar baya.

"'Yata, kin dawo? Ƙanen nan naki in ya ɗaura min abin awo kamar zai tsinke min hannu."

Ta yi dariya, ta zaunar da shi, ta naɗe masa hannun riga. Sai ƙarar ta tashi.

Ba ta yi kama da fashewar taya ba. Ta san ta, ƙarar bindiga ce. Ɗaya, sai a jere, sai ihun mata. Abin awon ya suɓuce daga hannunta. Ba ta san lokacin da ta finciko ƙofar ƙarfen ƙasa ba, ƙofar ta cije, ta bar 'yar tazara kamar faɗin tafin hannu. Ta ja dattijon suka durƙushe a bayan teburi.

"Sun dawo," ya ce, muryarsa kamar ba tasa ba. "Wayyo Allah, sun dawo."

Ta lalubo waya, da ƙyar ta kira Auta. Wayarsa ta kama ruri a cikin aljihun tebur, kusa da kunnenta. Ta kashe da sauri, tana jin kamar duk tashar ta ji.

Ta kwanta rub da ciki, ta manna kumatu da siminti ta leƙa ta ƙasan ƙofa. Ƙafafu ne ke gudu. Wani takalmin yaro a tsakiyar titi, jaka ta fashe kaya sun watse. Wata mata ta faɗi ba ta ƙara motsi ba. Ga wasu mutum uku da fuska a rufe suna tafiya a hankali, bindigogi a hannu, irin tafiyar da take gani a mafarki. Addu'ar da ta fara ta kasa tuna ƙarshenta.

Sai ta ji muryar.

"Yaya! Yaya!"

A gindin turken fitila Auta yake kwance, ya riƙe cinya da hannu biyu, jini yana bi ta tsakanin yatsunsa.

Dattijon ya riƙo gefen zanenta. "Kada ki fita, 'yata. Don Allah kada ki fita."

Ta fizge. Ta sa kafaɗa ta tura ƙofar sama, ta fita da rarrafe. Kwalta tana yanka mata gwiwa, harbi yana tashi ta ko'ina, tana jiran inda zai shige ta, baya ko wuya. Ta isa, ta faɗa kansa, ta danne cinyar da duk ƙarfinta. Inuwa ta rufe su. Ta ɗaga kai ta ga bakin bindiga.

"Ni ka harba," ta ce. "Ka bar shi, an riga an harbe shi sau ɗaya."

Mai bindigar ya yi turus. Ya waiwaya, ya janye ƙyallen fuskarsa, sai ga saurayi da gumi a goshi. "Wace ce wannan? Ba ta cikin shirin fa."

Daga saman benen da ke kan kantinta wata murya ta fito ta lasifika: "A tsaya! Kowa ya tsaya!"

Matar da ta faɗi ta tashi zaune tana kakkaɓe jiki. Gawarwaki suka fara miƙewa ɗaya bayan ɗaya. Yaya Babba ta ƙwalla ƙarar da ba ta yi ba lokacin harbin.

"Yaya, fim ne," Auta yake cewa, yana girgiza ta. "Fim ake yi. Kala ce, duba, ba jini ba ne. An sanar da duk layi, ke ce ba kya nan."

Ta dubi hannuwanta, ta dubi kyamarorin da ke saman bene. Can ta tuna da dattijon.

Sun same shi a jingine da teburi, ya dafe ƙirji, leɓensa sun canja launi. Ta sa masa ƙwaya a ƙarƙashin harshe. Motar 'yan fim ce ta kai shi asibiti, likita ya ce an yi sa'a, amma sai ya kwana.

A barandar asibitin daraktan fim ɗin ya same ta, yana ta murza hula a hannu. Ya ba da haƙuri, ya ce don kada a manta da waɗanda suka rasu suke yin fim ɗin. Sannan ya sassauta murya. "Mama, fitowar nan da kika yi, babu ɗan wasan da zai iya ta. Da za ki yarda mu bar ta a ciki..."

"Ka goge," ta ce.

Ya buɗe baki, ya kalli idonta, ya ce to.

Da ya tafi ta juya ga Auta. "Kai kuma? Wurin da ka kusa mutuwa, nan ka koma ka kwanta?"

Ya daɗe yana kallon ƙafarsa. "Tun da abin ya faru ban iya tsallaka titin nan ba, Yaya. Zagayawa nake yi, ba ki lura ba ne. Da suka zo neman wanda ya ga abin, na ce bari in kwanta a wurin, in tashi da kaina. Na san in na gaya miki za ki hana."

"Da na hana."

Kantin ya zauna a rufe har 'yan fim suka kwashe kayansu. Auta ya je kallon fim ɗin da ya fito, ita ba ta je ba, ba ta kuma tambaye shi yadda ya kasance ba. Tsohon direban ya warke, amma ya koma yin awonsa a wani kanti can nesa da tasha. Ya aiko mata da gaisuwa, ya ce kada ta ga laifinsa.