Ranar da Ɓawon Kwakwa Ya Dawo

Kwana uku Nini Jumantan ta kasa zama wuri ɗaya. Ta je gona, ta dawo, ta sake komawa. Irin shinkafar da ta yafa ya fara ja daga baki, ga shi saura mako a dasa. In ya mutu, shekarar ta tafi ke nan. Ta ɗebi ruwan magudana ta ɗanɗana, yadda uwarta ta koya mata. Tsami da bauri, kamar an jiƙa tsohuwar ƙusa.

Ba sai an yi mata duba ba. Kamfanin da ke gangaren kogi ya kawo wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, wai suna cinye farar wutar da ke cikin kwal don ya yi daraja. A yayyafa su da ruwa kan tsibin kwal, ruwan wankin ya fito jajir, a sake shi cikin kogi ta bututu.

Ta tuƙa kwalekwalenta har ofishinsu. Injiniya Wiryawan, mutumin tsaunukan tsibirin Jawa, ya shimfiɗa taswira, ya yi mata bayani da ladabi mai ban haushi: bututunsu yana ƙasa da gonarta, ruwa kuwa ba ya hawa tudu.

"A garinku ba," in ji ta. "Tashi mu je, ɗan boko."

Ya ce yana da taro. Ta zauna daram a kan taswirar, ta ce taron ya same ta a nan.

A bakin bututun ta jefa ɓawon kwakwa. Ya bi ruwa ya nufi teku, injiniya ya duba agogo. Ta hana shi motsi, tana kai da kawowa a gaɓa, tana tsine wa ƙwayoyin da iyayengijinsu. Bayan la'asar teku ta kawo, ruwanta ya turo cikin kogin. Kogin ya tsaya cak, ya juya. Sai ga ɓawon ya dawo, ya wuce su, ya shige magudanar ƙauye mai shayar da gonarta.

"Nini, ba wanda ya gaya mana..." in ji injiniya.

"Wa kuka tambaya?"

Ta miƙa masa ruwan a tafin hannu. Ya kurɓa, ya tofar. A nan tsaye ya buga waya aka rufe bututun, ya ce gobe za a kai mata farar ƙasa ta kashe tsamin.

Ta ce yau.

Buhu shida suka loda a kwalekwalen, shi a gaba da takalmin ofis. Da suka isa gona, rabin irin ya riga ya ƙone. Ta nuna masa ɗaya rabin, ta ce daga nan zai fara watsawa.