Ciwon Kan Menuka

Jini ne ya kai Menuka asibiti, ba ciwon kai ba.

Cikin wata uku gare ta, na fari, bayan an gaji da zuba ido. Tun safe take ganin jini, mara na murɗa mata. Mijinta Tek kuwa, Japanancinsa bai wuce sunayen abincin da yake dafawa a shagon yayansa a birnin Nagoya na ƙasar Japan ba. Shi ma sarkin kunya, abin da ya iya faɗa wa yayan shi ne, "Ba ta jin daɗi ne." Sai yayan, Homnath, ya ce shi zai kai ta, tunda ya fi kowa jin yaren.

To mu mutanen Nepal, mace ba ta haɗa ido da wan miji. Ko shayi za ta ba shi, ajiyewa take ta ja da baya, kada hannu ya taɓa hannu. Wai wannan mutumin ne yau zai zama bakinta.

Likitar mace ce mai fara'a. Ta yi magana, Homnath ya fassara yana kallon bango.

"Ta ce me ke damunki?"

Menuka ta sunkuyar da kai. Mara da jini, a kunnen Yaya?

"Kaina ne, Yaya."

Likitar ta ga yadda ta dafe mara, ta nuna wurin, ta yi wata tambaya a hankali. Menuka ta gane sarai, har ranta ya ɗan yi sanyi, ga taimako ya zo. Homnath ya share gumi, ya yi gyaran murya.

"Wai... kina cin abinci sosai?"

"Ina ci, Yaya."

Ya juya ya ce wa likita cikinta lafiya lau. Abin haushin, duk cikinsu babu mugu. Aka ba ta maganin ciwon kai, suka rusuna suka yi godiya.

A jirgin ƙasa na komawa ne abin ya ɓalle. Ta ji ɗumi yana bin ƙafarta, ta san cikin ne ke zubewa. Ta cije leɓe, tsoro ya rufe ta.

Homnath yana tsaye nesa kaɗan, kamar yadda ya dace. Ya ga jinin a ƙasa. Ya cire kwat ɗinsa, ya ajiye a kujerar gefenta, ya mai da fuska taga.

"Kan ne har yanzu?"

"Kan ne, Yaya."