Ruwan Tankin Dogo

Likitan dabbobi ya zo da safe, ya ciro tarwaɗa ɗaya daga tankin ƙanena Dogo, ya juya ta. Cikinta duk gyambo. Ya ce a haƙa rami a binne kifayen duka har da ruwansu, kada ɗigo ya shiga kogi. Ya hau babur ya yi gaba.

Ni masunci ne, a kogin nan nake ci. Kuma yanzu ne ƙurungu da ƙarfasa ke matsowa bakin gaɓa suna zuba ƙwai, daidai inda kwatar gidan Dogo take faɗawa. Zama ya gagare ni. Na je gida na ɗauko diga, na dawo, na ga babu shebur, na sake komawa.

"Yaya, ka zauna mana, kana sa ni jiri," in ji Dogo. Yana tsugune bakin tanki kamar mai jinya.

"Tashi mu haƙa."

"Wasu fa da sauran ƙarfinsu. In na sake su a kogi, ruwa mai gudu zai wanke musu ciwon. Rai ne fa, Yaya."

"Na kogin kuma katako ne?"

"Kai da kake kashe su kullum, yau ka zama ubansu?"

Na cusa masa diga a hannu. Muka zagaya bayan gida muka fara. Ƙasar kamar dutse. Shi yana sara ɗaya yana tsaki biyu.

Rami ya kai gwiwa sai na ji ruwa yana ɓulɓula. Matar Dogo ce ta dawo daga kasuwa. Ba ta nan sa'ad da likita ya zo, mu kuma ba wanda ya bar mata saƙo. Ta ji tanki yana wari, ta yi abin da ta saba yi duk ranar da ya yi wari: ta zare bututun ƙasa don ta canja ruwa.

"Mayar da shi!" na daka mata tsawa ta saman katanga.

"Yaya, lafiya? Ko sannu babu?"

Na bar Dogo ya yi mata bayani, na bi kwata a guje da shebur. Ruwan kore ne, yana tafe da kumfa. Kafin kogi, kwatar tana ratsa gefen lambuna, inda na dasa albasa. Na sha gabansa, na fasa kunya ta wajen lambun, na toshe kwatar da laka da duwatsu, na cire rigata na danna a kafar da ta rage. Ruwan ya juya, ya kwanta a kan albasa.

"Yaya, shukarka!" in ji Dogo yana haki.

"Na gani. Ina da ido."

Hankalina bai kwanta ba. Na bi sauran kwatar ina duba inda laima ta tsaya. Ta tsaya nesa da gaɓa. Amma can gaba, a kan busasshiyar ƙasa, wata ƙaramar tarwaɗa tana jan ciki, ta nufi kogi. Haka suke, ko babu ruwa tafiya suke yi.

Na taka wutsiyarta. Dogo ya iso, ya tsaya yana kallon gyambon gefenta. Ya sunkuya ya kama ta ta ƙeya.

"Ɗaga ƙafarka," ya ce. "Ni zan kai ta rami."