Ranar da Baba Ya Kira Mai Gyaran Famfo

Famfon kicin ya kwana biyu yana yoyo, sai Baba ya kira mai gyara. Baba kuwa mutum ne da ba a shiga gidansa a fita da yunwa. Mai gyara na ajiye jakarsa Baba ya tare shi.

"Zauna tukuna, ɗana. Ba a yi mini aiki da cikin wofi."

"Wallahi na ƙoshi, Baba."

"Haba, ka dai taɓa."

Mama ta kawo abinci falo, mai gyara ya wanke hannu. Baba ya ga bai kamata baƙo ya ci cikin gaggawa ba, sai ya ɗauki sufana daga jakar, ya ce bari ya ɗan sassauta masa bututun kafin ya gama. Ya durƙusa ƙarƙashin wurin wanke-wanke, ruwa ya feso masa a fuska.

"Rufe ruwan daga waje tukuna, Baba," in ji mai gyara daga falo, baki cike. "Yauwa. Yanzu cire tsohuwar robar, sabuwa na cikin aljihun jaka."

Kafin a kawo shayi Baba ya ɗaure komai. Mai gyara ya taso, ya murɗa famfo, ya ce lallai aiki ya yi kyau. Baba ya biya shi, ya ƙara masa ɗan ihsani, ya raka shi har bakin titi.

Ya dawo rigarsa sharkaf, yana dafe da ƙugu, ya ce wa Mama, "Adana lambar yaron nan. Samun mai aiki da tsabta irinsa sai an tona."