Shafin da Saje Ya Ƙi

"Cire wannan shafin, Malama," in ji Saje Wendell Haskins, yana ture takardar da bayan hannu. "Ba za a nuna ni ga 'ya'yan mutane ina kwance a ƙasan kanti kamar buhun dankali ba."

Marvella ta ɗauke zanen daga kan bargo. Tun da likitoci suka ce ya koma gida ya ƙarasa kwanakinsa, aka kafa masa gadon asibiti a falo kusa da taga, ita kuma kullum da hantsi sai ta tsallako daga gidanta da kwanon farfesun kaza da jakar fenti. Tsohuwar malamar firamare ce, tana haɗa littafin yara mai hotuna a kan Chester, karen taimako da ƙungiyar tsofaffin sojoji ta ba Saje. Duk shafukan ya amince da su: ga Chester yana kunna fitila da hanci, ga shi yana kawo robar magani. A kan wannan ɗaya ne ya kafe, na ranar da firgitar yaƙi ta kayar da shi a kanti, karen ya kwanta a ƙirjinsa. Ita kuwa ta riga ta yi masa alkawari, abin da bai yarda da shi ba ba zai fita ba. Ga shi kullum ƙara ramewa yake.

"Saje, in na cire shi me ya rage? Kare mai kunna fitila. Jikata ma tana kunna fitila."

"Ki zana ni a tsaye, da kakina da lambobina."

"Da wannan tumbin? Rabon kakin nan da ya shige ka tun ina da baƙin gashi."

"Tumbin ai ciwo ya cinye shi, tsohuwa mai bakin tsiya." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Ana cikin haka motar shara ta saki wani ƙaton kwandon ƙarfe a kan titi. Ƙarar ta girgiza taga. Marvella tana kallo idanun Saje suka bar ɗakin, ya ƙanƙame ƙarfen gado, numfashi yana fizgar sa.

Chester ya miƙe, sanye da jan falmaran ɗinsa na aiki. To amma shi ma ya tsufa, ƙugu ya ƙi, gadon asibitin kuma dogo ne. Ya ɗora ƙafafun gaba, ya zame. Ya sake, ya zame. Kowa a layin ya san doka: in falmaran na jikinsa ba a taɓa shi, ita ma duk shekarun nan ko kansa ba ta taɓa shafawa ba. Ta watsar da fenti, ta tallabo bayansa, ta cicciɓa shi da ƙarfin da ba ta san tana da shi ba. Karen ya miƙe a ƙirjin Saje, ya kwantar da haɓa a wuyansa, ya yi lamo.

A hankali numfashin ya daidaita. Saje ya daɗe yana kallon rufin ɗaki.

"Miƙo min takardar nan." Ya ƙura wa zanen ido. "Kin yi shirme, Malama. Kin zana ni na rufe fuska. Ni ban taɓa rufe fuska ba. Kunnensa nake riƙewa, kin gani?" Ta duba, ga kunnen kuwa a tsakanin yatsunsa. "Gyara. Kuma wane ne wani Saje Bill da kika rubuta a nan? Sa sunana."

A nan gefen gadon ta gyara shi, yana ta yi mata katsalandan har ta gama.

Mako na zagayowa ya cika, da safe, Chester na kwance a ƙafafunsa. An lulluɓe akwatin da tuta, an busa begila. Harbin ban-girma ne kawai ba a yi ba, domin ya bar wasiyya kada a tayar wa abokansa tsofaffin sojoji hankali saboda shi.

Da littafin ya fito, Marvella ta karanta shi a ɗakin karatu na garin, yara sun zauna a kan darduma, Chester a tsakiyarsu ba falmaran, suna ta ja masa wutsiya. Da ta iso shafin kanti ta ɗaga shi sama sosai, ta karanta sunan Wendell Haskins da muryarta ta aji.

Wata 'yar yarinya ta waiwaya baya. Mahaifinta, wani matashi mai askin soja da tun shigowarsa yake tsaye a bakin ƙofa, ya daɗe yana kallon hoton. Sannan ya jawo 'yar kujerar yara ya zauna, gwiwoyinsa har ƙirji.