Tabon Ruwa a Ƙofar Direba

Maman Biyu ta wanke gefen motar, ta sake wankewa, amma da ya bushe sai ɗigo-ɗigon nan farare su dawo, tun daga ƙofar direba har bayan mota, kamar an yayyafa wa baƙin fentin gari. Mijinta da ya yi tafiya ya riga ya bugo waya cewa ya shigo gari.

Shi kuwa Baban Biyu mutum ne da zai iya manta sunan makarantar 'ya'yansa, amma ba zai manta ranar da ya shafa wa motarsa man sheƙi ba. Da zai yi tafiyar nan abu ɗaya ya nanata: kada motar ta bar rumfa. Ita kuma jiya ta fitar da ita, ta tafi wani asibiti mai zaman kansa neman aikin jinya, aikin da ta ajiye tun haihuwar tagwaye, wanda duk ta ɗauko zancensa sai ya ce ba yanzu ba. An ɗauke ta, Litinin za ta fara. Sai dai ta ajiye motar a gefen ciyawa, famfon ban-ruwa mai juyawa ya yi ta fesa mata ruwan rijiyar burtsatse, rana ta gasa shi a jikin fenti.

Shirinta shi ne ta lallaɓa shi a hankali, ya ci ya huta, sannan ta kawo maganar kamar shawara take nema. In tabon nan ya riga ta magana, aikin ya tafi.

Ta kira yayanta, mai fentin motoci.

"Yaya, na shiga uku. Tabon ruwa ne a motar Baban Biyu, sabulu ya ƙi fitar da shi. In sa soson ƙarfe?"

"Ke! Kina so ki kashe aurenki da hannunki? Ajiye shi. Motar tana rana?"

"Tana rumfa."

"Taɓa ƙarfen. In da zafi, kada ki fara."

Ta ɗora bayan hannunta. Da sanyi.

"To gishirin ruwa ne ya bushe a kai. Kina da ruwan kal, mai tsamin nan na girki, a kicin? Haɗa shi da ruwan roba rabi da rabi. Ki jiƙa tsumma mai laushi, ki shimfiɗa a wurin ya ɗan jiƙu, ki ɗauraye, ki tsane nan take. Kada ki dirza, na san hannunki."

Yana cikin cewa "sannan kuma daga ƙarshe" sai ta ji ƙarar mota a layi, ta kashe wayar. Ashe maƙwabci ne. Ba ta sake kira ba, don gani take ta ji abin da ya kamata ta ji.

Ta durƙusa a kan siminti, ta fara da ƙofar direba. Da ta ɗaga tsumman ta ɗauraye, sai ga baƙin fenti tas. Ta kusa yin kuka don daɗi. Haka ta yi ta bi, tafin hannu bayan tafin hannu, gwiwoyinta na zugi, kunnenta na ƙofar gida. Na kusa da madubi suka yi taurin kai, sai da ta maimaita. Warin kal ya cika rumfar, ta watsa ruwa a ƙasa, ta cusa kwalbar a bayan tukunyar fure. Ko da aka ƙwanƙwasa ƙofa, gefen nan yana ɗaukar ido.

"Sannu da zuwa, Baban Biyu. Ya hanya?"

"Lafiya lau. Yaran fa?"

"Suna makaranta."

Ta karɓi jakarsa, tana jan shi zuwa ciki da zancen abinci. Ina! Mai hali ba ya fasa halinsa. Ya ratse zuwa rumfa, ya zagaya motar yana murmushi.

"Har wanke min ita aka yi?"

"Na ga ta yi ƙura ne."

"Kin kyauta. Amma kin bar kumfa a taya."

Ya ɗauki tiyo ya kunna famfo. Ya fesa wa tayar dama, ruwan ya fallatsa a ƙofa, ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya ya gangare. Ya zagayo hagu ya fesa. A nan ruwan ya kwanta shimfiɗe a jikin ƙofar, ya ƙi gangarawa. Ya sake fesawa. Murmushin ya ɗauke.

Sai a lokacin ta gane abin da Yaya yake shirin faɗa: kal ya cinye tabon, ya haɗa da man sheƙin, kuma ba ta mayar da shi ba.

Baban Biyu ya kashe famfon. Ya shafa ƙofar da yatsa, ya shinshina.

"Tabon ruwa kika fitar," in ji shi, a hankali. "Gefe ɗaya. Rumfar nan ba ta yoyo, rana ba ta shigowa. Ina motar ta je?"

Ƙarya ta zo mata har baki, guda biyu ma. Amma ta gaji, kuma haushin kanta ya kama ta, mace da 'ya'ya biyu tana ɓoye kwalba a bayan fure.

"Asibiti. Neman aiki. Sun ɗauke ni."

Ya daɗe yana kallonta. Da faɗa ya yi da ya fi mata sauƙi.

"Da kin tambaye ni."

"Na tambaya, Baban Biyu. Shekara nawa ina tambaya?"

Ya miƙo tafin hannu. Ta shiga ɗaki ta ɗauko makullin motar da ke wurinta ta sa masa, ya jefa a aljihu, ya juya zai shiga gida.

"Litinin zan fara," ta ce wa bayansa. "Bas yana bi ta ƙofar asibitin."

Ya tsaya cak a bakin ƙofa, bai waiwayo ba. Ita ma ba ta janye maganar ba.